Daga Tudun Hatsi Zuwa Asusun Tarayya: Wane Tsarin Mulki Ke Raya Yanki?

Duk lokacin da aka tayar da maganar sake fasalin ƙasa a Najeriya, mahawarar kan rabu gida biyu tun kafin a yi nisa. Ɓangare guda na cewa Abuja ta tattara iko da kuɗi ta bar jihohi da ƙoƙon bara, don haka a sakar musu mara kowace ta ci gashin kanta. Ɗaya ɓangaren, wanda muryarsa ta fi ƙarfi a nan Bauchi da Gombe, na cewa ranar da aka yi haka jihohi irin namu ko albashin wata guda ba za su iya biya ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma dukkansu sun ɗora nauyi mai yawa a kan sunan tsarin, alhali tarihin ƙasashe ya nuna cewa sunan ba shi ne ke shuka masana'anta ko ya kawo hanya ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ko gwamnatin da ke kusa da mai noma da mai sana'a tana ƙaruwa idan ya ƙaru, tana kuma jin jiki idan ya tsiyace.

Bambancin tsarin biyu a takarda ba shi da wuyar fahimta. A tsarin tarayya, ikon jihohi daga kundin tsarin mulki yake fitowa, kuma gwamnatin tsakiya ba ta da hurumin ƙwace shi da rana tsaka sai an bi dogon matakin gyaran kundin da amincewar jihohin kansu. Haka abin yake a Amurka da Jamus da Indiya da Najeriya. A tsarin bai-ɗaya kuwa, duk ikon da lardi ko gunduma ke da shi aro ne daga tsakiya, wadda ke iya ƙarawa ko ragewa da dokar majalisa kawai. Maƙwabciyarmu Nijar a kan wannan tsari take, inda ake naɗa gwamnonin jihohinta takwas daga Yamai, haka ma Gana, inda shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan shugaban kowace gunduma.

Sai dai idan aka bar takarda aka dubi aljihu, lissafin kan juye. Sin ƙasa ce ta bai-ɗaya, jam'iyya guda ke naɗa shugabannin larduna, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke kashewa a can larduna da birane da gundumomi ne ke kashe shi. Daga farkon shekarun 1980 zuwa gyaran haraji na 1994, larduna da yawa kan yi yarjejeniya da Beijin cewa za su miƙa wani adadi, abin da ya haura nasu ne. Ƙari a kan haka, jami'in da tattalin arzikin lardinsa ya bunƙasa shi ke samun ƙarin girma. Wannan ne ya sa shugabannin larduna suka riƙa farautar masu zuba jari kamar ransu ya dogara a kai, kuma a cikin wannan yanayi ne Shenzhen, da aka ayyana yankin tattalin arziki na musamman a 1980, ta tashi daga ƙaramin gari a bakin iyakar Hon Kon ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen masana'antu na duniya. Tsarin bai zo kyauta ba, domin lardunan gaɓar teku sun yi wa na cikin ƙasa fintinkau, har gwamnatin tsakiya ta ƙaddamar da shirin raya yammacin ƙasar a wajen shekarar 2000 don rage tazarar.

Italiya ta gwada akasin haka. A 1950 ta kafa asusu na musamman don raya kudancinta, ana tsara ayyukan daga Roma, aka shafe sama da shekaru talatin ana zuba kuɗi a hanyoyi da madatsun ruwa da manyan masana'antu. An rage tazarar na wani lokaci, amma har gobe kudancin na bayan arewa nesa ba kusa ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masana ke kawowa shi ne kuɗin ya koma abin rabon 'yan siyasa maimakon jarin da zai haifi wani. Faransa ma, wadda ta yi suna wajen tattara komai a Faris, ta ga ba ta da zaɓi face ta fara saki: dokokin 1982 sun ba yankuna da gundumomi iko na gaske, sannan a 2016 aka rage yawan yankunan babban yankin ƙasar daga 22 zuwa 13 domin kowane ya samu girman da zai iya tsara tattalin arzikinsa. Wannan batu na girma ya shafe mu, za a kuma dawo kansa.

Misalin da ya fi dacewa da damuwar Arewa maso Gabas shi ne na Jamus. Jihohinta 16 suna da ƙarfi sosai, su ke tafiyar da makarantu da 'yan sanda, su ke ma karɓar mafi yawan haraji, amma akwai tsarin daidaita arziki da ke sa jihohi masu hali su tallafi marasa hali bisa ƙa'ida rubutacciya, ba bisa alfarma ba. Bavariya, wadda bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiha ce ta manoma, ta shafe shekaru da dama tana karɓar wannan tallafi. Daga ƙarshen shekarun 1980 ta koma mai bayarwa, yau kuma babu wadda ta kai ta bayarwa. Ba a tallafe ta don ta zauna tana jiran wata ya mutu ba, kuma ba a hana ta cin moriyar abin da ta gina ba.

Mu ma mun taɓa zama a ƙarƙashin tsarin da gwamnati ke ci daga abin da ƙasa ta haifa. Tun daga kundin 1954, da ya mai da Najeriya tarayya ta sosai, kowace jiha daga cikin manyan jihohi uku na wancan zamani tana da hukumar cinikin amfanin gonarta, kuma kaso mai yawa na harajin fitar da amfanin gona zuwa waje yana komawa inda aka noma shi. Kundin 1960 da na 1963 sun bar wa jiha rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarta. Saboda haka gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna ta damu ƙwarai da damina, domin gyaɗa da auduga su ne baitulmalinta. Da su aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kamar yadda koko ya ɗauki nauyin ilimi kyauta a Jihar Yamma daga 1955. Gombe shaida ce a kan wannan. Auduga ce ta ɗaga garin, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA saboda masana'antar gurzar audugar da ta zauna a wurin, kuma layin dogon da ya ratso Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 an shimfiɗa shi ne domin kwasar abin da yankin ke nomawa. A ƙasa kuma akwai En'e da baitulmalinta, wadda haraji da jangali ke riƙe da ita, ta yadda hakimin da talakawansa suka yi ƙaura saboda zalunci yakan ga giɓin a littafin harajinsa.

Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Hukumomin ciniki sun riƙa sayen gyaɗa da auduga a ƙasa da farashin kasuwar duniya, wato manomi ne ya biya kuɗin gine-ginen da ake alfahari da su. An yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen gallaza wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, kuma ƙananan ƙabilu sun koka da danniya har Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don sauraron kukansu. Ba banza ba gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Abin da ake son a ɗauka daga tarihin shi ne igiyar da ta ɗaure aljihun gwamnati da gonar talaka, ba bulalar da aka riƙa karɓar kuɗin da ita ba.

Soja da man fetur ne suka tsinka igiyar. A watan Mayun 1966 Janar Aguiyi Ironsi ya fitar da doka ta 34 wadda ta soke tarayya ta mai da ƙasar ta bai-ɗaya, Arewa ta yi bore, kuma bayan juyin mulkin Yuli aka soke dokar. Amma abin da Ironsi ya kasa yi da doka guda, mulkin soja ya yi shi sannu a hankali. Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a 1967, aka samu Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Murtala ya fitar da Bauchi daga cikinta a 1976. Abacha ya fitar da Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996. A daidai wannan tsakani kason da ake bar wa jihar da ta samar da ma'adini ya gangaro daga kashi 50 har ya kai 1.5 a farkon shekarun 1980, kafin kundin 1999 ya tsayar da shi a kashi 13 aƙalla. Yayin da Faransa ke haɗe yankunanta don su yi ƙarfi, mu tsaga namu muka riƙa yi, kowace sabuwar jiha da gidan gwamnatinta da majalisarta da ayarin kwamishinoninta, duk kuma a kan asusu guda suka jingina. Gaskiya ne cewa ƙirƙirar jiha ta kawo wa Gombe jami'a da filin jirgin sama da titunan da da wuya ta samu tana lardi, amma akasarin kuɗin da aka yi su da shi daga Abuja ya zo.

Yau ana raba abin da ya shiga asusun tarayya kamar haka: kashi 52.68 na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi 36, sai 20.60 na ƙananan hukumomi 774. A tsakanin jihohin kuma, kashi 40 raba-daidai ne, 30 bisa yawan jama'a, 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, 10 bisa buƙatun jin daɗin jama'a, kashi 10 kacal ne ke duba ƙoƙarin jiha wajen tara nata kuɗin. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san bambancin gandu da gayauna: a gandu kowa na fita aiki don dole, rabo kuma ba ya bin yawan gumi, amma a gayauna saurayi kan yi sammako ba tare da an tashe shi ba. Gidan da ya san abin da yake yi yana riƙe da duka biyun. Tsarinmu ya faɗaɗa gandun har ya kusa cinye gayaunar.

Mai son ganin yadda wannan ke aiki ya je kasuwar Tudun Hatsi a Gombe bayan kaka. Tireloli na jere, leburori na ɗora buhunan masara da wake da dawa da gumi sharkaf, dillali na zura ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba a tafin hannu, mai kaya daga Kudu na lissafi da wayarsa. Dukiyar da ke juyawa a wurin a rana guda ba ƙarama ba ce. To amma me ke shiga baitulmalin jiha daga cikinta? Kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu harajin VAT, wato harajin da ake biya kan sayen kaya, manomin Kumo ko Dukku da ya noma hatsin ba ya cikin rajistar masu biyan harajin albashi, kuma idan akwai kamfanin da zai sarrafa masarar ya biya harajin riba, wannan kuɗi asusun tarayya zai tafi. Abin da ya rage shi ne ɗan tikitin kasuwa da kuɗin lodi, sai shingayen da direba zai riƙa cin karo da su a hanya, waɗanda akasarin abin da ake karɓa a kansu ba ya ganin ƙofar baitulmalin kowa. Saboda haka gwamnan da ya ninka noman jiharsa zai samu addu'a da ƙuri'a, amma kason da zai karɓa a ƙarshen wata kusan ba zai motsa ba. Wanda ya yi barci kuwa, idan farashin mai ya tashi ko darajar naira ta faɗi, sai ya wayi gari da kuɗi fiye da na bara. An ga haka ƙuru-ƙuru bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da kason jihohi ya yi tsalle ba tare da wata jiha ta ƙara noma kadada ɗaya don ta same shi ba.

Ma'adinai ma haka labarin yake. Kamfanin siminti na Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye, yana aiki tun ƙarshen shekarun 1970, ana kuma haƙo kwal a Maiganga da ke Akko, amma lasisin haƙar ma'adinai da kuɗin da ake biya a kansu na cikin abubuwa 68 da kundin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Man Kolmani, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Nuwamban 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya fito da halin tsarin a fili, domin tun ba a sayar da ganga ɗaya ba hankalin jama'a ya koma kan wace jiha ce rijiyar ta faɗo a ƙasarta da wa zai ci kashi 13.

Rikicin VAT na baya-bayan nan shi ne karon da aka fi tattauna wannan batu da gaske. Tsohuwar ƙa'ida tana ba jihohi rabin kuɗin, kuma kashi 20 na rabon yana bin inda kamfani ya biya harajin, wanda galibi hedkwatarsa ce a Legas, ko da a Azare aka sayi katin wayar. Da gwamnatin Tinubu ta kawo ƙudurin ɗaga kason tushe, wato mai bin inda kuɗin ya fito, zuwa kashi 60 a 2024, gwamnonin Arewa, a ƙarƙashin jagorancin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya na Gombe, suka ce ba su yarda ba. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ɗaga kason jihohi zuwa kashi 55, ta kuma sa kashi 30 na rabon ya bi inda aka yi amfani da kayan. A ganina wannan gyara ya fi amfani ga Bauchi da Gombe fiye da yadda hayaniyar lokacin ta bari a gane, domin ya sa jiha tana da dalilin son kasuwanninta su cika da ciniki mai rajista.

Duk da haka, miƙa iko ga jiha ba tabbacin alheri ba ne. An keɓe dajin Yankari a 1956, ya zama gandun dajin ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin Bauchi bisa buƙatarta. Ga giwaye, ga ruwan ɗumi na Wikki, ga suna da ya karaɗe duniya, amma kula da wurin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon sha'awar wanda ke kan mulki, kuma kusan shekaru ashirin bayan karɓarsa ba za a ce ya zama ginshiƙin kuɗin shigar jihar ba. A ɗaya gefen, madatsar Dadin Kowa da ke hannun hukumar tarayya mai hedkwata a Yola ta shafe sama da shekaru talatin da ruwa a cike kafin tashar lantarkinta mai megawat 40 ta fara aiki. Nisan mai iko ya ɓata wa Dadin Kowa lokaci, rashin ɗorewar manufa ya ɓata wa Yankari. Akwai kuma abubuwan da babu jihar da za ta iya yanke hukunci a kansu ita kaɗai: madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ta tsaya cak shekara da shekaru, kuma cikin dalilan akwai fargabar manoma da masuntan Yobe da Borno cewa ruwan da ke raya fadamunsu zai ƙafe. Kogi ba ya sanin iyakar jiha, haka ma burtalin makiyaya da ɗan bindigar da ke tsallakawa daga daji zuwa daji. Irin waɗannan suna buƙatar ko dai tsakiya mai adalci ko haɗin gwiwar jihohin yankin, wanda Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa da dokar 2017 da ƙungiyar gwamnonin yankin za su iya zama tushensa idan suka wuce rabon kayan tallafi da fitar da sanarwar bayan taro.

Ya kamata kuma a faɗi abin da masu kukan Abuja ba su cika son ji ba, wato ikon da ke hannun jihohi a yanzu ya fi wanda suke amfani da shi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, don haka jinkirin takardar mallakar fili, wadda ɗan kasuwa ke buƙata kafin banki ya ba shi rance, ba laifin tarayya ba ne. Makarantun firamare da sakandare da asibitocin karkara duk a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. A watan Maris na 2023 an gyara kundin tsarin mulki aka ba jihohi damar shiga harkar lantarki da ta jirgin ƙasa. Gombe, da ta zo ta ɗaya a jadawalin sauƙaƙa kasuwanci na jihohi a 2021 da 2023, ba ta jira an sake fasalin ƙasa ba kafin ta mayar da rajistar filayenta kan kwamfuta ta kuma ware yankin masana'antu a Dadin Kowa kusa da wuta da ruwa. Ko wannan zai haifi masana'antu masu ɗaukar dubban ma'aikata, lokaci ne zai nuna, amma ya tabbatar da cewa akwai fili a cikin tsarin da ake da shi.

Wani abin ban takaici shi ne gwamnonin da ke neman tarayya ta gaskiya daga Abuja su ne ke tafiyar da jihohinsu a kan tsarin bai-ɗaya mafi tsauri. Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, Gombe na da 11, kuma kamar sauran na ƙasar, kuɗinsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, zaɓensu kuma hukumar da gwamna ya naɗa ke shirya shi, shi ya sa jam'iyya mai mulki kan lashe kujeru kaf a kusan kowace jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Kenya, wadda ba ta kiran kanta tarayya, ta rubuta a kundinta na 2010 cewa gundumominta 47 za su samu aƙalla kashi 15 na kuɗin shigar ƙasa, jama'a ne ke zaɓen gwamnoninsu, kuma tun daga 2013 gundumomin arewa masu fari irin su Turkana da Mandera, da aka yi watsi da su tun zamanin Turawa, suka fara ganin kasafin kuɗin da aka tsara a gida. Cin hanci ya bi kuɗin zuwa gundumomin, wannan ba a ɓoye yake ba, amma aƙalla mutumin ƙauye ya san ƙofar da zai je ya yi ƙorafi.

Don haka idan hukumar rabon arzikin ƙasa ta zauna sake duba ƙa'idar rabo, wakilan Bauchi da Gombe suna da abin nema da ya wuce kare kason raba-daidai. Jihohin da hamada ke ci ta arewa, waɗanda suka karɓi dubban 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram, suna da hujjar neman a ɗaure wani kaso da buƙata ta zahiri, kamar yawan yaran da ba sa makaranta da nisan asibiti, a kuma riƙa auna sakamakon. A lokaci guda suna da hujjar neman a ɗaga kashi 10 na ƙoƙarin tara kuɗin cikin gida, amma a auna shi da yadda jiha ta ƙaru a kan bara, ba da jimillar da ta tara ba, domin idan jimilla ce ma'auni Legas ta gama cinyewa tun kafin a fara, idan kuwa ƙaruwa ce, Gombe da Bauchi na iya shiga gasar daga kasafin baɗi.